Nomau da Jar Fitilar Shanun Baba

A ƙauyenmu na Tudun Ɗinya, gidan da ke ƙarshen gari ta hanyar rafi shi ne gidan su Nomau. Inna Hakama ce babba a ciki, tsohuwar da ba ta gajiya da faɗa da kaji. Sai babban ɗanta Shekarau da iyalinsa, mutum mai saurin hawa da saurin sauka. Sai ƙaninsa Nomau da matarsa Kuluwa, wadda Allah ya ba haƙuri daidai da mijin da ya ba ta.

Ni dai ban taɓa yarda a kira Nomau mahaukaci a gabana ba. Lafiyarsa ƙalau, yana salla, yana noma, ba ya cin na kowa. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ya ragewa ba ya ƙarawa. Kuluwa ta taɓa miƙa masa muciya ta ce ya riƙa tuƙa mata tuwo har ta dawo daga maƙwabta. Can ta tarar ana haihuwa, ta shagala. Da ta dawo bayan la'asar, wuta ta daɗe da mutuwa, tuwo ya sandare, Nomau na zaune gumi sharkaf yana juya tukunyar gaba ɗaya da muciya a cake a tsakiya.

Dukiyar gidan kuwa ɗaya ce, wata tsohuwar akori-kura ruwan toka. Bayan rasuwar mahaifinsu, Shekarau ya sayar da shanun huɗar tsohon ya sayo ta, Inna na kuka tana cewa an mayar mata da abu mai numfashi ƙarfe. Shi ya sa ba wanda ke kiranta mota a garin, Shanun Baba ake ce mata. Ita ke kai albasa da mutane kasuwar Maraban Kuka, ita ke ciyar da gidan. Duk ranar da injinta ya mutu, to ba shanu ba mota. Ana cikin haka Shekarau ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafar dama. An yi ɗori, amma taka totur ya gagara. Dole makulli ya koma hannun Nomau, wanda ya iya tuƙi tsaf, don yadda aka koya masa haka yake yi. Shekarau ya koma kujerar gefe da sandarsa, yana tuƙi da baki.

Wata rana Nomau yana dawowa daga kasuwa shi kaɗai, sai wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Ya duba da kyau, ya ga hoton wata 'yar buta tana ɗigar da ruwa. Ya faka a gindin marke, ya yi alwala, ya yi la'asar a natse, ya dawo ya tayar. Buta na nan ja wur. Sai ya lallaɓa ya koma garejin Gwadabe, bakaniken da ke gyara motar tun ranar da aka sayo ta.

"Oga, motar nan ta tuna min salla, na yi, amma ba ta yarda ba."

Gwadabe ya leƙa, ya ɗora hannu a ka. "Da wannan fitilar ka taho? Nomau, wannan ba butar alwala ba ce, ta baƙin mai ce! In ta kama, mai ba ya zagaya injin kenan, ƙarfe na cin ƙarfe."

Ya buɗe bonet ya zaro sandar gwada mai, ga ta kusan a bushe. Ya ƙara mai, fitila ta mutu. Da yake Gwadabe ya san da wanda yake magana, sai ya kama Nomau a kafaɗa ya faɗa masa dalla-dalla. "Duk lokacin da ta kama kana tafiya, tsaya a inda kake. Kashe mota, zare makulli, kada ka ba kowa sai an ga dalili. Ko Maigari ne a cikin motar ya ce ka tafi, kada ka tafi. Sannan kowace safiya ka zaro sandar nan, ka goge ta da ƙyalle mai tsabta, ka mayar, ka sake zarowa ka duba."

Nomau ya maimaita maganar har gida, kamar mai bitar karatu.

Wata rana Kuluwa ta buɗe akwati ta nemi ɗankwalayenta ta rasa. Ashe Nomau ya lura cewa ƙyallen da ya goge sanda da shi jiya ba mai tsabta ba ne yau, don haka kowace safiya sabo yake nema. Da ɗankwalaye suka ƙare ya koma kan zanen goyo, daga nan ya taɓa mayafin Inna. Da mata suka gane suka kulle kayansu, sai ya zaga gida yana neman abin da ya fi komai tsabta. Ya same shi a kan igiya: farar babbar rigar Shekarau ta salla, an wanke an sa bula. Shekarau ya fito yana dogara sanda, ya tarar da baƙin zane dogo a kan aikin gaban rigar.

"Nomau! Rigata ce fa!"

"Eh Yaya, ita kaɗai ta rage mai tsabta."

Shekarau ya wurga masa sanda, sanda ta samu zakaran Inna, Inna ta fito. Ranar sai da maƙwabta suka shigo rabo. An wanke rigar har hannu ya gaji, zanen bai fita ba, aka ninke ta aka jefa ƙasan akwati.

Wata rana da safe Nomau ya duba sanda ya ga mai ya ɗan yi ƙasa. Ya leƙa ɗakin Shekarau ya faɗa masa. Shekarau na fama da ƙaiƙayin ɗori, ya ce, "Ga galan can, je ka cika ta, ka ƙyale ni." Nomau ya buɗe murfi ya yi ta ɗurawa. Galan ya ƙare bai ga mai ya taso baki ba, ya je ya aro na mai injin niƙa ya ƙara, sai da ya ga mai na ƙyalli a bakin murfi sannan hankalinsa ya kwanta. Yana tayarwa, salansar motar ta yi tari ta saki hayaƙi fari fat, ya rufe gidan, ya rufe layin. Mata suka fito da bokitai suna salati, ladan ya hau katanga yana kiran gobara. Da ƙyar aka samu wanda ya lalubo makulli ya kashe. Gwadabe ya zo a kan babur ya tsiyaye man da ya cika daro, ya nuna wa Nomau zane biyu da ke jikin sanda, ya ce tsakaninsu ake so mai ya tsaya, yawansa ma ciwo ne. Abin da gari ya samu kawai shi ne, mako guda ba wanda sauro ya ciza a layin.

Wata rana Gwadabe ya ce wannan man da ke raguwa kullum akwai inda yake bi. "Ka faka ta a wuri mai kyau ta kwana. Da safe ka leƙa ƙasa, inda ka ga ya ɗiga, ka kawo min in gani." Da gari ya waye Nomau ya leƙa, ya ga baƙin tabo a ƙasa kamar faɗin faifai. Ya tura motar baya, ya ɗauko fartanya ya sassare wurin a hankali don kada ya farfashe, ya ɗora a tire, ya ɗauka a ka. A ƙafa ya tafi Maraban Kuka, yana wuce masu babur suna tambayarsa ko fura yake talla. Ya sauke tire a gaban Gwadabe.

"Ga inda ya ɗiga, Oga."

"Motar fa?"

"Tana gida. Ba ka ce in kawo ta ba."

Gwadabe ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Amma da ya murza ƙasar a yatsa ya shinshina, ya ce ai kuwa man inji ne, ba na birki ba. Washegari aka kawo motar, aka tarar wani ɗan zobe ne na bakin magudanar mai ya cinye. Aka sauya shi, ɗigo ya tsaya.

Wata rana ta kasuwa, an cika Shanun Baba da albasa da mata, sai jar fitila ta ƙifta. Nomau ya taka birki ya kashe mota a tsakiyar hanya. Ya duba sanda, mai na tsakanin zane biyu. Ya leƙa ƙasa, ba ɗigo. Mata suka ce ya tafi mana, ya ce ba a ga dalili ba tukuna. Haka suka zauna a rana har aka aika aka kira Gwadabe. Ya zo ya kwance wani ɗan suwic a jikin injin, ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa, aka tayar, allura ta tashi lafiya lau. Ya ce injin ba abin da ya same shi, suwic ɗin da ke kunna fitilar ne ya tsufa yake ƙarya. Ya sa sabo. Amma kafin su isa kasuwa manyan motoci sun yi lodi sun tafi, albasa ta dawo gida.

Tun daga ranar gari ya samu abin dariya. Yara na ganin Nomau sai su ce buta ta kama. Direbobin tasha suka zo dubiyar Shekarau suna ba shi shawara, har da wani Ɗan'iro da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan makullin motar. Suka ce su duk cire ƙwan fitilar suke yi wajen mai gyaran wayoyin mota, ko su manna mata salatif, mutum ya huta. Kunne da hanci, in ji su, sun ishi direba. Irin waɗannan masu wayon ne za ka ga motocinsu a bayan gareji a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ciki, amma bakinsu ba ya mutuwa.

Shekarau ya kira ƙaninsa. "Ka ji ni da kyau. Fitilar nan kada in sake ganinta da idona. Kuma ka sake tsayar min da mota a banza, makulli ya koma hannun Ɗan'iro, kai ka koma gona."

Inna, wadda ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ta ce wa Nomau, "Ka bi yayanka a hankali, ɗan nan." Kuluwa kuwa ranar ba ta ci tuwo ba. Ta san tun da mijinta ya fara tuƙi ne aka fara gaishe shi a bakin masallaci.

Wata rana da hantsi aka ga Nomau a zaure da almakashi da gwangwanin madara. Ya yanke gwangwanin, ya lanƙwasa shi, ya kafa shi a gefen fitilar ta ɓangaren fasinja, kamar 'yar katanga. Ya zauna a kujerar Shekarau ya leƙa, ba a ganin komai. Ya karkata ya miƙa wuya, ba a gani. Ya koma kujerarsa, ga buta sarai a gabansa. Da Shekarau ya shiga motar ya ga gwangwani, ya ɗauka an rufe fitilar ruf. Ya ce, "Aikinka dai kullum sai ya fita daban. Ko ma yaya ne, na huta."

Wata rana ta Juma'a aka tashi ɗaurin auren ɗan Maigari a wani gari hayin rafi, kuma Maigari da kansa ne wakilin ango. Aka ɗauki Shanun Baba. Maigari ya zauna gaba wajen taga, Shekarau a tsakiya, dattawa da huhun goro a baya, kowa ya sha fararen kaya. Ɗan'iro ma ya maƙale a can ƙarshe. An makara wajen naɗa rawani, don haka tun daga ƙofar gida Shekarau ke cewa, "Taka, Nomau, taka!" Nomau ya taka. Suka gangara mashigin rafi da gudu, mota ta yi nauyi, aka ji wani ƙum daga ƙasa. Dattawa suka yi salati suka gyara huluna, aka haye. Ba su yi nisa ba, daidai wata siririyar hanya tsakanin shingen gonaki biyu, Nomau ya taka birki, ya kashe mota, ya zare makulli. Babura da ke biye suka yi cirko-cirko a baya, ba hanyar wucewa.

"Lafiya?" in ji Shekarau.

"Buta ta kama, Yaya."

"Wace buta? Ba na ce a kawar da ita ba?"

"Cewa ka yi kada ka sake ganinta. Ka gan ta?"

Shekarau ya harari gwangwanin. Sannan ya fashe da faɗa. Ya ce fitilar da kowa ya san maƙaryaciya ce, a kanta za a kunyata su gaban baƙi? Ya ƙwala wa Ɗan'iro kira ya zo ya karɓi tuƙi. Ɗan'iro ya diro yana murmushi, ya miƙa hannu. Nomau ya jefa makulli cikin aljihun wando na ciki, ya ɗaure mazagi tam.

Maigari ya gyara murya. Mutum ne da ba a musa masa, ya kuma yi maganar a hankali. "Nomau, ana jiranmu. Tayar da mota."

Nomau ya fito ya durƙusa a ƙasa. Bai taɓa ce wa babba a'a ba tun da aka haife shi. "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Oga Gwadabe ya ce ko Maigari ne a cikin motar ya ce in tafi, kada in tafi. Ga shi kuwa kai ne a ciki."

Wani dattijo ya toshe baki da hannun riga. Maigari ya dubi Nomau ya ce, "Da sunana ya faɗa?"

"Da sunanka, ranka ya daɗe. Sai an ga dalili."

"To a ga dalilin mu gani."

Nomau ya buɗe bonet ya zaro sanda, ya ɗaga kai yana dube-dube. "Wa ke da ƙyalle mai tsabta?" Nan da nan dattawa suka tattare rigunansu suka ja da baya, don labarin rigar Shekarau ba wanda bai ji ba. Maigari ya zaro hankicinsa ya ba shi. Nomau ya goge, ya mayar, ya zaro. Sanda ta fito fes, ko laima babu.

Shekarau ya karɓa ya juya ta a hannu. "Da safe fa a cike take."

Nomau ya kwanta ya leƙa ƙasa. Ragowar mai na ɗiga daga wani rami a kaskon da ke ƙarƙashin injin. Sai a lokacin mutane suka waiwaya, suka ga baƙin layi a kan hanya, ya miƙe tun daga tayar motar har gangaren rafi, inda dutse ya fasa kaskon. Ɗan'iro ya mayar da hannunsa aljihu, ya koma baya yana duba shinge kamar shi ya dasa.

Aka tura mota bakin wata gona, babura suka samu hanya. Dattawa suka hau bibbiyu, Maigari a bayan wani mai acaba da huhun goro a cinya, rawani na kaɗawa. Sun isa liman na shirin tashi, aka ɗaura aure. Shekarau bai bi su ba. Ya zauna a inuwar motar shi da ƙaninsa har Gwadabe ya iso.

Gwadabe ya kwance kaskon ya duba, ya juya injin da hannu yana saurare, ya ce, "Alhamdu lillahi, bai ci kansa ba." Ya nuna wata kuka da ke gaba kaɗan. "Kun ga waccan? Wallahi da ba ku kai ta ba. Da injin ya kama, sai dai ku sayar wa 'yan gwangwan. Wa ya tsayar da ita?"

"Ni ne, Oga. Ka yi haƙuri, na tare hanya."

"Ka tare duniya ma!" in ji Gwadabe.

Shekarau ya dogara sanda ya miƙe. Ya dafa bonet ya shafa shi a hankali, yadda mahaifinsu ke shafa wuyan shanunsa in an dawo daga huɗa, idonsa ya ciko. Ya gane cewa da an bi maganarsa, da da bakinsa ya yanka abin da tsohon ya bar musu.

An kai kaskon walda, an sa sabuwar filta da sabon mai, aka tayar. Buta ta kama, ta ɗan tsaya, ta mutu. Kafin su iso gida labari ya riga su. Maigari da kansa ya ba da shi a wurin ɗaurin aure, yana dariya yana cewa yau an ƙi bin umurninsa kuma ya gode. Yaran da ke tsokanar Nomau suka bi motar a guje suna kiran sunansa. Kuluwa ta rangaɗa guɗa tun daga soro, Inna kuwa ta kama zakaran nan da sanda ta taɓa samu ta ce a yanka.

Da suka tsaya a ƙofar gida, Shekarau ya sa hannu ya ɓalle gwangwanin ya jefar ta taga. "Daga yau ina so in riƙa ganinta kullum."

Bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Washegari ana idar da sallar asuba Nomau ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. "Yaya, taso ka gan ta." Ai kuwa fitilar na kamawa duk lokacin da aka murɗa makulli kafin injin ya tashi. Mu maƙwabta muna zaune muna jiran mu ji ƙarar sanda. Sai ga Shekarau ya fito yana ɗingishi da wani ƙunshi a hammata. Ya shiga mota, ya ga butarsa ta kama ta mutu, ya gyaɗa kai. Sannan ya kwance ƙunshin ya miƙa wa ƙaninsa. Farar rigar salla ce, ya sa almakashi ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana, ya jera su a ninke.

"Ga masu tsabta nan," in ji shi. "In sun ƙare ka faɗa min, ina da wata rigar."